Gurbin Yatsa a Ƙafar Yagana

Shekarar da aka yi mana ƙarin albashin nan na Udoji na sayi babur, ja, sabo fil a ledarsa. A shekarar ce kuma matata Yagana ta sami cikin fari. Ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, shekarata ashirin da shida, kuma a ganina duk garin babu wanda ya kai ni wayewa. Ina ɗaura agogo, ina jin labaran duniya a rediyo, in aka zauna a ofishin malamai ni ne mai dogon baki a kan jahilci da al'adun da suka hana mu ci gaba. Yau in na tuna irin maganganun da na riƙa yi a ofishin nan sai in ji haushin kaina.

Yagana 'yar Kanya Babba ce, can ƙasar Babura. Na san ta lokacin da aka tura ni garin gwajin koyarwa. Mahaifinta Baba Kura bafatake ne, fata da kanwa yake kaiwa da kawowa, kakanninsa daga Barno suka zo. Ita ta gama firamare, tana karanta wasiƙa tana rubutawa, ga ta da tsokana. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini tana da ciki ba. Wata rana dai na dawo daga makaranta na jingine babur a tsakar gida, ta toshe hanci ta ce, "Malam, don Allah ka riƙa barin abin nan a waje, warin mansa yana tayar mini da zuciya." Na dube ta, ta dubi bango. Shi ke nan sanarwar. Daga ranar muke ce masa baƙo, don ko mu biyu a ɗaki kalmar nan nauyi take mana.

Ni na ce za ta je awo. Hutun damina ya kama, ba ni da aikin komai, sai na riƙa goya ta a babur duk ranar Talata zuwa ɗakin awo. Wadda ke kula da wurin wata ungozoma ce da ta yi karatu a Kano, Sista Asma'u, gajeriya, mai murya kamar ta mai shela. Kafin ta fara auna kowa sai ta zaunar da matan a kan benci ta yi musu lacca ta kamar rabin awa. Waɗanda suka saba haihuwa suna gaba, suna hira suna gyara goyo. Masu cikin fari kuwa suna can baya, kowacce ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar an kama ta da kayan sata. Yawancinsu wata tsohuwa ce ke rako su. Miji ko ɗaya ba ya zuwa sai ni.

Makon farko a gindin darbejiya na tsaya ina goge babur ɗin da ba shi da datti. Mako na biyu muryar Sista ta jawo ni har jikin taga. Ina tsaye ina kasa kunne sai na ji an ce, "Wane ne wannan mai leƙen matan mutane?"

Ɗakin ya kaure da dariya. Na ce, "Ba leƙe nake ba, Sista, sauraro nake."

"Taka tana ciki?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To na gane. Ɗan fari ne." Ta sa aka fito mini da benci aka ajiye a ƙarƙashin tagar, inda ba na ganin kowa, ba mai ganina. Ta ce, "Zauna nan. Shekara tara ina wannan magana, kunnen da ya kamata ya ji ta bai taɓa zuwa ba."

Daga ranar na zama ɗan aji. Na sami sabon littafi mai bango shuɗi, duk abin da ta faɗa sai in rubuta. A ci wake, a ci gyaɗa, a ci zogale, a ci ƙwai. Da ta zo kan ƙwai wata tsohuwa ta ce ai mai ciki in ta ci ƙwai ɗan ɓarawo yake zama. Sista ta ce, "Iya, duk ɓarayin da ke kurkuku uwayensu ƙwai suka ci? To da kaji sun ƙare a ƙasar nan." Tana da wata 'yar tsana ta ƙyalle da take nuna yadda jariri ke juyowa, ni dai ban taɓa ganinta ba, sai dai in ji matan suna salati suna dariya. Ta yi magana a kan sabuwar reza, da dafa zare kafin a ɗaure cibiya, da rage gishiri da kanwa. Sau da yawa takan daka wa 'yan benci na baya tsawa: "Ku kun fi kowa ba ni tsoro. Ciwo zai zo ku ciji bakin zani ku yi shiru don a ce kuna da kunya. Sai an ga ba kwa motsi a kwaso ku a kawo mini."

Labari bai daɗe ba ya zaga gari. Abokin aikina Mamuda, duk inda ya gan ni sai ya ce, "Malam Sama'ilu, yau kilo nawa ka yi? Allah ya sauke ka lafiya." Mahaifiyata ta aiko daga Roni cewa na zubar mata da mutunci, a ina aka taɓa ganin namiji yana rawar ƙafa a kan cikin fari, abin da ake yi kamar ba a san da shi ba. Ni kuwa daɗi ma nake ji. Duk wanda ya tsokane ni sai in ce masa zamani ya canja, ƙasa ta sami arzikin mai, an gina asibiti, saura kawunan mutane. Wannan jimla ta kawunan mutane na fi sau hamsin ina faɗinta.

Akwai wata Talata da Sista ba ta yi wasa ba ko kaɗan. A makon an kawo mata wata yarinya daga wajen Gwiwa, ba ta yi awa biyu a hannunta ba ta cika. Ta ce, "Yau abu ɗaya zan koya muku. Kowacce ta miƙe ƙafa. Ki sa babban yatsa a saman idon sawu, ki danna, ki ƙirga biyar, ki ɗaga. In wurin ya dawo, lafiya. In ya lotsa ya zauna kamar kin danna tuwo, ga fuska ta cika, ga ciwon kai, ga ido yana gani dishi-dishi, to jini ne ya hau. Abin da ke biye da shi jijjiga ce, wadda kuke cewa iska. Ba iska ba ce. Ranar da kika gani ranar za ki zo. Ban ce gobe ba, ban ce sai ran kasuwa ba."

Sai na ji takunta har bakin taga. "Mai rubutu, kana nan?"

"Ina nan, Sista."

"Me na ce?"

"Ranar da aka gani."

"To ka ja masa layi. Ita ba za ta iya faɗa ba, ka san halinsu. Kai ne bakinta."

Na ja masa layi biyu. Littafin yana nan har yau, layukan suna nan.

Abin ya zama mana kamar wasa a gida. Bayan la'asar Yagana takan zauna a tabarma ta miƙo ƙafa ta ce, "Likita, ga marar lafiyarka." In danna, mu ƙirga tare, in ɗaga, fatar ta dawo sumul. Ta ce, "Nawa ne kuɗin aikin?" In ce kofin shayi. Ban taɓa jin daɗin zaman duniya kamar na watannin nan ba, kuma ban ƙara ji ba.

Da ciki ya shiga wata bakwai aka zo maganar goyon ciki. Haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, wannan kowa ya sani. Mahaifiyata ta aiko, mahaifiyarta ta aiko, kuma in faɗi gaskiya ita ma Yagana tana kewar gida. Na tambayi Sista ta taga. Ta ce, "Ba zan hana ba, in na hana ma ba ji za a yi ba. Ta tafi da katinta. Kai kuma kana da babur, ka riƙa zuwa kana gani da idonka."

Ranar da ƙanwar mahaifiyarta ta zo tafiya da ita, Yagana ta ja ni ɗaki kamar za ta nuna mini inda ta ajiye mabuɗin akwati. Ta rage murya ta ce, "Malam, ka san in na je can bakina ya mutu. Ba zan iya duban Inna in ce mata kaza na ji a jikina ba. Ko na faɗa ma cewa za a yi rakin 'yan boko ne."

Na ce, "Ai zan riƙa zuwa."

"In ka zo ba za a bar mu mu zauna ba. Amma in akwai wani abu zan nuna maka. Ka dai duba."

Na ce, "Ke dai ki nuna. Sauran nawa ne." Har da bugun ƙirji na faɗa.

Aka koma makaranta. Na yi mako uku ban je ba, sai wata Asabar, lokacin an fara yankan gero. Na ɗaure kwali a bayan babur, sabulu da sukari da madara da goro, na kama hanya da sassafe. Hanyar yashi ce mafi yawanta, sai ka yi ta sa ƙafa kana turawa. Hantsi ya ɗaga sosai kafin in isa.

Tun daga nesa na kashe babur na tura shi da hannu, don suruki ba ya isa ƙofar gidan surukai da ƙara. Na cire takalmi a waje. Baba Kura yana zaure a kan buzu, yana duba wasu fatu da aka kawo masa. Dattijo ne dogo, mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya nuna mini tabarma, na zauna a ƙasa kusa da ita, kamar yadda ake yi. Na sunkuyar da kai. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan bana a Roni. Na tambayi kasuwa. Babu wanda ya ambaci Yagana, balle abin da ya kawo ta gidan. A zauren nan ni da shi mun haɗu a kan cewa ba mu san komai ba.

Muna cikin haka na ji motsi daga ƙofar cikin gida, tafiya a hankali, ana jan ƙafa. Baba Kura ya mayar da ido kan fatunsa. Yagana ce da kanta, ɗauke da ƙwaryar fura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mace mai cikin fari, wata takwas, ta fito gaban ubanta alhali mijinta yana zaune, ai ko a garin mahaukata sai an yi magana. Na san abin da fitowar nan ta ci mata.

Kaina yana ƙasa, don haka ban ga fuskarta ba da farko. Ƙafafunta na gani. Babu takalmi, kuma da ganinsu ka san babu takalmin da zai shige su. Idon sawun ya ɓace gaba ɗaya, fatar tana ƙyalli, yatsun sun yi ɓul-ɓul. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye ƙwaryar a gabana. Maimakon ta tashi sai ta gyara zama kamar mai cire ƙaya, ta miƙo ƙafar dama kaɗan, ta sa babban yatsa a saman idon sawu ta danna. Ni da ita muka ƙirga a zuci. Ta ɗaga. Wurin ya lotsa ya zauna, rami sosai, da za a zuba ruwa da ya tsaya.

Na saci kallon fuskarta. Ta cika har idanun sun ƙanƙance. Ta kai hannu ta dafe goshi, ta sauke. Ba ta dube ni ba. Ta ɗan jira, sannan ta dafa bango ta miƙe ta koma ciki.

Baba Kura ya yi gyaran murya ya ce, "Yaran yanzu." Ya ɗan yi murmushi don ya rage mini nauyi. Sannan ya ce, "Malam, ko akwai wata magana?"

Wallahi maganar tana bakina a shirye. Baba, ƙafarta ta kumbura, alamar ciwo ce, a ba ni ita in kai ta asibiti yau. Kalma nawa ce? Amma kafin in faɗe ta sai na yarda a gaban mutumin nan cewa na kalli ƙafar 'yarsa, na san abin da ke jikinta, ni ne kuma sanadinsa. Duk laccar Sista, duk layi biyun nan, duk kawunan mutanen da nake zagi a ofis, babu wanda ya zo ya taimake ni.

Na ce, "Babu komai, Baba. Gaisuwa ce kawai."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka."

Na ce wa kaina ai maganar mata ce, in na shiga gaida Inna zan faɗa mata. Aka yi mini iso. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta, tana daga bayan labule. Bayan gaisuwa ita da kanta ta buɗe mini hanya, ta ce, "Mutanen gidan suna lafiya. Har ƙiba ake yi, an cika an yi fam. Tsofaffi sun ce irin wannan cikar alamar namiji ce." Ta yi 'yar dariya. Abin da ya rage kawai in ce, Inna, ba ƙiba ba ce. Na ce, "To madalla." Na ajiye kwalin na fito.

Furar ma ban sha ba, don suruki ba ya ci a gidan surukai. Na tura babur har bayan gari kafin in tayar da shi. Ka ga ladabi.

A hanya na shirya wa kaina dabara mai kyau, irin ta masu ilimi. Na ce abu ne da ake bi ta hannun manya. Zan je Roni in sami gwaggona Dela, ita ce ta yi mini kai da kawo wajen neman auren, ita ke iya shiga har ɗakin Inna ta faɗi abin da ni ba zan iya ba. Kwana ɗaya ko biyu ba zai yi komai ba. Na san ƙarya nake, don kalmar da na ja wa layi tana gabana duk tsawon hanyar. Amma ƙaryar ta fi mini sauƙi a kan in juya babur.

Lahadi na je Roni. Gwaggo Dela ta saurare ni tana tsince wake. Ta ce, "Kai Sama'ilu, wace mai ciki ce ƙafarta ba ta kumbura? Ni da na haifi takwas?" Na nace. Ta ce to, akwai suna a maƙwabta ranar Laraba, in an gama za ta je ranar Alhamis. Na ce to. Har godiya na yi mata.

Litinin na shiga aji na koyar da lissafi, ban san me na koyar ba. Talata da safe na kasa. Na bar yara da aikin allo na tafi ɗakin awo. Bencina yana nan a ƙarƙashin taga. Sista tana cikin lacca, na ƙwanƙwasa katakon tagar, abin da ban taɓa yi ba. Ta leƙo.

"Mai rubutu! Ina 'yar tawa?"

Na faɗa mata. A bakin tagar nan maganar ta fito tiryan-tiryan babu ko gargada, ƙafa, fuska, goshi, komai.

Ta ce, "Yaushe ka gani?"

"Asabar."

"Wace Asabar?"

"Wadda ta wuce."

Ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Ba ta yi tsawar da ta saba ba, a hankali ta ce, "Yau Talata, Malam." Sannan ta ce, "Me kake yi a nan? Tashi ka ɗauko ta. In ba za ta iya hawa babur ba ka tare kowace mota ka gani."

Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Sau biyu yashi yana kayar da ni. Wannan karon ban kashe babur daga nesa ba, da ƙararsa na shiga layin. Ina shan kwana na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan, maza zaune jere, ga butoci. Wasu ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Ɗan aiken da aka tura mini Kazaure mun saɓa da shi a hanya.

Abin da aka gaya mini shi ne, tun Lahadi take kwance da ciwon kai, ba ta ce wa kowa komai ba. Litinin da yamma ta ce ba ta gani sosai. Talata da asuba jijjiga ta kama ta. Ita da abin da ke cikinta, babu wanda aka samu.

Na zauna a tabarmar nan kwana uku ana yi mini gaisuwa. Mutane suna cewa in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na sani kwana ne ya ƙare, ni ma Musulmi ne. Amma na san abin da na gani ranar Asabar, kuma duk wanda ya ce mini haƙuri sai in ji kamar ya mare ni.

Ranar sadakar uku Inna ta aiko a kira ni. Wannan karon babu labule, ta zauna a bakin ƙofa, ta rame kamar ta yi wata tana jinya. Ta turo mini wani ƙunshi, zani ne aka ɗaure da kaya a ciki. Ta ce, "Nata ne. Yadda ta ɗaure shi haka yake, ban kwance ba." Ta share ido. "Ranar da ka zo, tana komowa daga zaure ta haɗa kayan nan, ta sa mayafi, ta zauna a bakin gado. Na ce ina zuwa? Ta ce Malam zai tafi da ni. Muka yi ta yi mata dariya, muka ce marar kunya, miji ya zo gaisuwa har kin ɗaure kaya. Tana nan zaune har muka jiyo tashin babur ɗinka daga bayan gari. Sai ta cire mayafin ta kwanta."

Katin awon yana saman ƙunshin, an soke shi a ƙarƙashin ƙullin don kada a manta da shi.

Na fito da ƙunshin a hannu. Dole ta zaure zan bi, Baba Kura kuma yana nan shi kaɗai, mutane sun tafi sallar azahar shi bai tashi ba tukuna. Na durƙusa a inda na durƙusa ranar Asabar.

Can ya ce, "Ni na ɗauke ta, Malam. Da hannuna. Matan suna ta hayaƙi suna cewa iska ce, na ce ku ba ni wuri. Na saɓa ta a kafaɗa har bakin kasuwa, na tare motar gyaɗa, na ce wa direba ya sauke buhunan in ya so in biya. Ba mu kai kwalta ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Ana cewa uba ba ya shiga irin wannan. Wace kunya ce ta rage a nan? Da na san ciwo ne, ai da tun ranar da ta fara cika na kai ta. Mu mun ɗauka ƙiba ce. Ba mu yi karatun ba."

Ya ƙara da cewa, "An gaya mini har makarantar masu cikin kake raka ta, kana rubutawa. Na ji daɗi da na ji, ban dai nuna ba. Shi ya sa nake ta tunani, ranar da ka zo, da ta fito da furar nan, ba ka lura da wani abu ba?"

Karo na biyu ke nan mutumin nan yana tambayata a zaure ɗaya. Na buɗe baki. Ban san abin da zai fito ba, kuma har yau ban sani ba, don bai bar ni na faɗa ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, kamar wanda ya ji kunyar tambayar da ya yi.

"A'a, bari. Ka yafe mini, zafin rai ne. Ina za ka gani? Tun da ka shigo zauren nan har ka fita kanka yana ƙasa, ko sau ɗaya ba ka ɗaga ido ba. Na faɗa wa mutane, ban taɓa ganin yaro mai kunya irinka ba."

Kaina yana ƙasa a lokacin ma, ina kallon daidai wurin da ta miƙo ƙafar.

Na ce, "Haka ne, Baba."